Sai An Ba Injin Jini

Winnipeg, Kanada
Ranar Lahadi

Zuwa ga mahaifina, Baba Dabo, a Ammariyya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da ciwon ƙafar, da mutanen layi duka. Matata Arwa tana gaishe ka da kyau. Yaya Jawahir ta ce har yanzu ba ka sauraron saƙon murya, wai maganar da ba ta hau takarda ba iska ce. Shi ya sa na rubuta, ita za ta buga ta kawo maka.

Baba, kada hankalinka ya tashi. Makon jiya ina kwasar dusar ƙanƙara da shebur a ƙofar gida, ƙirjina ya riƙe, na zube a wurin. Maƙwabcina ne ya hango ni ta taga. An sa mini wani ɗan ƙarfe a jijiyar zuciya, yanzu alhamdu lillah ina tafiya da ƙafata. Amma likita ya ce halas, an gama, ni da shebur har abada. A nan kuwa in ba ka share ƙofarka ba mota ba ta fita, in mota ba ta fita ba babu aiki.

Don haka dole in sayi injin kwashe ta. Na je shago na ga iri uku. Akwai mai batir, mara nauyi, ba ya ƙara, amma sun ce in dusar ta yi tudu yakan gaji. Akwai wanda ake jona wa waya daga cikin gida. Sai babban, mai shan fetur: a gabansa wani murɗaɗɗen ƙarfe yana tattaro ƙanƙarar, a bayansa fanka tana feso ta ta bututu har gefen titi. Shi kaɗai ke iya cin tudun da motar share titi ke turo mana bakin ƙofa, wanda yake daskarewa kamar siminti.

A gidanmu ba a taɓa sayen abu mai inji ba sai da bakinka, tun daga fankar ɗakin Inna Kulu, Allah ya jiƙanta, har motar Yaya. Kuma rayuwarka duka a kan injin niƙa ƙanƙara ka yi ta a kasuwar kifi. Wanne zan ɗauka?

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Ɗanka,
Tariq

*

Ammariyya, Jidda

Da sunan Allah. Daga Dabo zuwa ga ɗansa Tariq. Aminci ya tabbata a gare ka da iyalinka. Ƙafa tana nan, ba ta je ko'ina ba. A gaida 'yar mutane.

Bayan haka, kai wane irin ɗa ne? Ka faɗi a ƙofar gida kamar buhun shinkafa, an tsaga ka, an cusa maka ƙarfe, sai bayan mako nake ji, shi ma a cikin zancen cinikin inji? Wallahi da kana kusa sai na wanka maka marin da zai mayar da zuciyar wurinta.

To ji nan. Mai batir ɗin nan abin aske gemu ne, bar wa mata. Mai waya kuwa, wane mahaukaci ne zai riƙa jan igiyar wuta a cikin ruwa a gaban abu mai haƙora? Mai fetur shi ne inji. Amma ba nan maganar take ba. Ni ban yi makaranta ba, baƙaƙen nan ma a allon ubana na tsince su, amma abu ɗaya na sani wanda ba a karanta muku ba: duk ƙarfen da aka yi wa baki don ya ci ƙanƙara, ƙanƙara ba ta ƙosar da shi. Ruwa ce. Yana niƙa yana jin yunwa.

Lokacin da na fara aiki, da guduma muke fasa bulon ƙanƙara. Ranar da aka kawo inji na fari, shugabanmu, wani tsohon Bayamane, ya hana kowa taɓa shi. Aka kawo rago. Aka tada injin, yana ruri, bakinsa a buɗe, aka kwantar da ragon a gabansa aka yanka da sunan Allah, jinin ya zuba a kan haƙoran suna juyawa. Haka ake yi, sai yana numfashi, in yana kashe bai san an ba shi ba. Ran nan da jar ƙanƙara aka lulluɓe kifin kasuwa. Injin nan har ya tsufa ya mutu bai ko yakushi mutum ba.

Sai ɗan kafilinmu, wato ɗan uban gidanmu mai masana'antar, ya dawo daga karatu da wando matsattse, ya kawo inji na biyu. Muka ce rago, ya ce jahilci ne. Ƙanena Abdallah, uban Hatim, aka ɗora a kansa. Kai ka tashi ka gan shi da hannun riga a naɗe, ba ka taɓa tambaya ba, to yau ka ji. Da safe ne, masu kifi suna ta ihun yalla yalla, a yi sauri. Bulo ya maƙale, ya danna da tafin hannu kamar yadda kowa ke yi, bulon ya sulluɓe. Ƙarar da na ji irin ta mahauci ce yana fasa kan sa. Na rungumo ƙugunsa ina ja, injin yana ja, shi bai ko yi ihu ba, kallona kawai yake yi. Da na fizgo shi muka faɗi tare, daga gwiwar hannu babu komai sai jijiyoyi suna reto. Ta ɗaya ɓangaren kuwa injin bai fasa zuba ƙanƙara a kwando ba. Kwandon na ɗauka na bi su asibiti da shi a ka, ina tona ƙanƙara ina neman yatsun ɗan'uwana, har wani likita ya riƙe ni ya ce in ajiye.

Bayansa injin ya ci yatsun wani Babangale, ya ci wuyan hannun Usama mai tuƙa kura. Ba wanda ya rubuta su a ko'ina. Masana'antar ta rufe, kafilin ya mutu, ni kaɗai na rage da sunayensu, kullum bayan asuba sai na jera su.

Saboda haka: ka sayi mai fetur. Ka sayi rago. Ka tada shi, ka yanka a bakinsa yana ruri, ka rabar da naman. Kafin nan ko ɗan yatsa kada ka kai kusa da shi. Na ba ƙanƙara ɗan'uwa, ba zan ba ta ɗa ba.

Allah ya tsare. Wassalam.

Ubanka,
Dabo

*

Winnipeg
Ranar Juma'a

Baba, assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina neman gafara a kan jinkirin sanar da kai ciwona. Na karanta wa Arwa labarin Baba Abdallah, mun kasa cin abinci ranar. Allah ya jiƙansa.

Amma Baba, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Dusar nan ba bulo ba ce. Kamar gari take saukowa, kamar auduga. Injinan nan kuma suna da wani maƙalli a hannu: muddin ka sake shi, komai ya tsaya. Har sanda suke bayarwa ta zaƙulo abin da ya toshe, ba a sa hannu.

Maganar yanka ba za ta yiwu ba. In maƙwabta suka ga jini a kan dusar ƙofar gidana, kafin in wanke wuƙa 'yan sanda sun iso. Kuma na tambayi limaminmu, ya ce yanka na Allah ne shi kaɗai, ƙarfe ba ya ci ba ya sha. Zan sa Yaya ta yanka rago a nan Jidda a yi sadaka da niyyar neman tsari, wannan ba laifi.

Na koma wurin likita, ya ce mai fetur ɗin ya yi mini nauyi, turawa da juyawa da shi duk aiki ne ga ƙirji. Ina ganin mai batir zan ɗauka. Tudun bakin ƙofa kuma maƙwabcina ya ce zai riƙa taimaka mini da nasa.

Ka sa mini albarka, Baba.

Ɗanka mai biyayya,
Tariq

*

Ammariyya

Daga Dabo zuwa ga Tariq. Na amsa sallamarka don wajibi ce.

Mai biyayya! To don me ka tambaye ni? Ka tambayi likita, ka tambayi liman, ka tambayi arnen maƙwabcinka, sannan ka zo ka shafa wa tsoho mai a baki. Limamin nan naku hannu nawa gare shi? Biyu, ko? Ya taɓa tona kwando? Ka ce masa ni ma sunan Allah nake kira in na ɗora wuƙa, ba sunan ƙarfe ba. Ragon da za a yanka a Jidda kuma, inji yana Kanada, ka taɓa ganin an ci tuwo a Ammariyya wani ya ƙoshi a Makka? Gari, auduga, ko me? Ruwan da ya daskare duk ɗaya ne, na san shi ya san ni.

Tunda ba za ka iya ba, na ɗauke maka. Kada ka sayi komai.

Na zaga shagunan injina na garin nan ina neman na kwashe ƙanƙara. Wani yaron shago ya kira abokansa su zo su ga tsohon da ke jiran dusa a Jidda. Na kifar masa da shayinsa a kan takardunsa, na taka gilashin, na fita. Daga nan na hau mota zuwa unguwar Khumra, warshar Hatim, inda yake aikin walda. A bayan warshar, cikin tarin tsofaffin ƙarafa, na sami gangar injin niƙa irin tamu, haƙoranta duka suna nan, ƙarfen da ne, ba gwangwanin yanzu ba. Na sa shi ya yi mata gida, ya ɗora mata injin janareta, ya sa fanka da bututu yadda ka kwatanta, da tayoyin kura guda biyu. Injin ne zai riƙa jan tayoyin, kai binsa kawai za ka yi, sai ka gaya wa likitanka. Hatim yana yi yana murmushi, ya ɗauka wasan tsufa nake. Ya so ya sa wannan maƙallin naku na tsayarwa, na fizge na jefar kan rufi. Injin da ke tsayawa duk sanda hannu ya gaji, mutum yake koya wa sakaci.

Jiya mun tada shi. Kai! Karnukan Khumra duka sai da suka gudu. Wannan zai ci tudun ƙofarka har da ƙofar.

Rago yana ɗaure a soro, baƙi ne, mai ƙaho. Ranar Alhamis yayarka za ta kai mu. Zan ba injin abinsa da hannuna, mu gwada shi da bulo, a ɗaure a akwati a kai wa masu jirgin ruwa. Zai zo maka a ƙoshe. Ba 'yan sanda, ba liman.

Albarka kuma sai ranar da ka rubuto cewa ya iso.

Dabo

*

Safa, Jidda
Ranar Asabar

Tariq, ƙanena, assalamu alaikum. Ina fata ka sami sauƙi. Ka zauna kafin ka karanta, ka kira Arwa kusa da kai. Ban kira ka a waya ba don na san muryata za ta kashe ka. Baba yana da rai. Wannan ka fara riƙewa.

Ranar Alhamis na kai shi Khumra da ragonsa a bayan motata, duk ya ɓata mini kujeru. Na ce a raina a yanka a huta, nama ne dai. Mun tarar Hatim ya sayo bulon ƙanƙara ya jera, ya tada injin yana ɗumama shi. Da ya ga Baba ya jawo rago ya zaro wuƙa, sai fuskarsa ta canza. Ashe bai san da wannan ba.

Ya ce, "Ammi, baffana, la wallah, a'a. Ba za a yanka wa ƙarfe a warshata ba. Haram ne, kuma in baladiyya, hukumar gari, ta gani sai ta rufe ni."

Baba ya ce, "Matsa."

Ya ce, "Na yi maka walda, na yi maka fenti, ban ce uffan ba. Wannan kam a'a."

Baba ya ce, "Ɗan mai hannu ɗaya ne zai koya mini abin da inji ke so? Da an yi wa injin ubanka wannan, da hannu biyu zai ɗauke ka ranar sunanka."

Ka san Hatim da maganar babansa. Ya fizge igiyar, ya ja ragon zuwa ƙofa, ya sa ƙafa ya tunkuɗa shi titi. Ragon ya bi tsakanin tireloli, har yau ba a gan shi ba. Juyowar da zai yi, Baba ya riga ya ɗauki ƙugiyar jan ƙanƙara. Tariq, tsohon da nake riƙe wa hannu in zai hau matakala! Ya kafta masa a kafaɗa, ƙugiyar ta shige, ya ja. Rigar Hatim ta rabe har ciki, ya durƙusa yana riƙe da wurin, jini yana bin yatsunsa. Na yi kansa ina ihu, na juya wa Baba baya. Wannan juyawar ce ba ta barina barci.

Na ji ya ce bismillah. Da na waiga, ya riga ya tsaga tafin hannunsa na hagu da wuƙar yankan, ya miƙa shi saman bakin injin yana matsawa. Amma iskar fankar tana kore jinin, yana fantsamo masa a gemu, ba ya sauka a kan haƙoran. Na ji ya ce, "Karɓi mana, ɗan banza," ya ƙara matsawa kusa. Hannun rigarsa ne ya fara shiga.

Ba zan kwatanta maka ƙarar ba. Bututun yana fuskantar bango, bangon fari ne. Na kama Baba ina ja, ba abin da zan danna, ba abin da zan saki ya tsaya. Hatim ne ya rarrafo da hannu ɗaya ya fizge wayar filogi. Shi ya ɗaure damtsen Baba da bel ɗinsa, da haƙori ya ja bel ɗin, sannan ya suma a kansa. Ma'aikatan warshar kusa ne suka kwashe su duka biyu.

Hannun ya tafi. Likitoci sun ƙara yankewa sama da wuyan hannu kaɗan. Hatim an yi masa ɗinki, ƙashin kafaɗar ya tsage. Da 'yan sanda suka zo ya ce musu injin ne ya ji musu ciwo su biyun, bai ambaci ƙugiya ba. Amma ya rantse da zarar ya iya ɗaga hannu zai sa wuta ya yayyanka injin nan gunduwa-gunduwa.

Baba kuwa da ya farfaɗo bai tambayi hannunsa ba, bai tambayi Hatim ba. Cewa ya yi, "An dai bar shi yadda yake? Kada a wanke." Sannan ya nemi takarda da alƙalami.

Ina sonka, amma bari in faɗa maka: da ka sayi abinka ka yi shiru. Ka san shi. Ga takardarsa nan a ƙasa, ni na danne masa ita don kada ta zame. Ka yi tunani kafin ka amsa, likita ya ce hawan jininsa ba ya son gardama.

Yayarka,
Jawahir

*

Daga gadon asibiti

Daga Dabo zuwa ga ɗansa Tariq. Aminci da rahama. A gaida Arwa.

Kada ka saurari kukan yayarka. Na hagu ne, ga na dama yana rubutu. Ɗigo kaɗan na yi niyyar ba shi, shi kuma ya ga bai ishe shi ba. Ban ga laifinsa ba, ya daɗe a yashe cikin rana.

Yanzu ka duba. Rago baƙo ne, jininsa na kasuwa ne. Wannan kuwa jinin gidanmu ya sha, naka ne, nawa ne. Ya san ƙamshinmu, ya ƙoshi da mu. Ko hannu ka cusa masa ba zai kula ka ba. Duk Kanada babu mai inji irin naka.

An ce Hatim zai yayyanka shi. Na ji abin da ya yi mini da bel, Allah ya yi masa albarka, zan je in duba shi in na tashi. Amma injin ba nasa ba ne, naka ne, kai kaɗai za ka hana shi.

In kuwa mai batir ɗin kake so har yanzu, ba komai. Ka rubuto da hannunka ka ce, Baba, hannunka ya tafi a banza. Kalmomin nan nake so, ba wasu ba. Zan karanta, in sa shi cikin waɗanda nake jerawa bayan asuba.

Ina jira. Allah ya tsare mini kai.

Ubanka,
Dabo

*

Winnipeg
Ranar Talata

Yaya, wa alaikumus salam. Sannu, sannu da wannan rana. Allah ya biya ki.

Ki gaya wa Baba na karɓa. Ki ce na gode, na share masa wuri a gareji, a aiko. Iyakar abin da za ki karanta masa ke nan.

Sauran tsakanina da ke. Na sayi mai batir jiya, Arwa ce ke tura shi. Ki roƙar mini Hatim, don darajar babansa, kada ya yanka injin. Ya buɗe cikinsa ya cire duk abin da zai sa ya sake tashi, ya yi wa gangar walda ta mutu a wurin, ya mayar da murfin yadda yake.

Amma kada ya taɓa haƙoran, kada ya wanke su. Baba zai ce sai ya duba kafin a rufe akwatin.

Ƙanenki,
Tariq